Tsimin tabar wiwi: ciwon cikin da ake ɓoye wa likita

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Najeriya, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi suke sha. Duk lokacin da aka ambaci wiwi, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne hayaƙi, da samari a kango, da warin da ke tona asirin mai shi tun daga bakin zaure. Sai dai akwai wata hanyar shan ta wadda ba ta hayaƙi, ba ta kuma jan hankalin maƙwabci, wato a tsima ganyen cikin barasa ko mai, a tace, a zuba a 'yar kwalba, a riƙa ɗigawa a baki ko a shayi da sunan magani. A wasu biranen kudancin ƙasar nan an daɗe ana sayar da barasar gargajiya ta ogogoro da aka jiƙa wiwi a ciki, sannan ga bidiyoyi birjik a intanet daga ƙasashen da suka halatta ganyen, suna nuna wannan tsimi a matsayin maganin rashin barci, da ciwon jiki, da rashin cin abinci. Wayar da ke hannun saurayi a unguwar Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato ita ce dai wayar da ke hannun na Kanada, bidiyon kuma ba ya tambayar a wace ƙasa ake kallon sa.

Abin da ya sa nake ganin lamarin ya fi hatsari a Sakkwato shi ne mu mutane ne da suka yarda da jiƙo. Mun taso muna ganin kwalbar sassaƙe da saiwoyi a ɗakunan iyayenmu, kuma mai magani da ya ce a sha cokali ɗaya safe da yamma ba a cika yi masa tambaya ba. Saboda haka mutumin da zai ji kunyar a gan shi da naɗin wiwi yana iya ajiye kwalbar tsimi a gefen gado hankalinsa kwance, har ya shawo kan kansa cewa shi ba ɗan shaye-shaye ba ne, mai jinya ne kawai. Ra'ayina shi ne wannan kwalba ba ta cika sharuɗɗan zama magani ba, kuma ciki ne ke fara shaida hakan, tun kafin ƙwaƙwalwa ta nuna alama.

Adalci ne a faɗi hujjar masu kare ta, domin ba daga sama suka tsinto ta ba. A 1839 wani likita ɗan ƙasar Ailan mai suna William O'Shaughnessy, wanda ke aiki a birnin Kalkata na Indiya, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da tsimin wiwi, daga nan kuma likitocin Turai suka karɓe shi. Wiwi ta shiga kundin magunguna na Amurka a 1850, ba ta fita ba sai 1942. A 1985 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da dronabinol, wanda sinadarin THC ne (wato sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi) da aka haɗa a masana'anta, domin rage tashin zuciya ga masu cutar sankara da ke karɓar magani mai ƙarfi. A watan Disamban 2020 ma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kayan maye ta cire wiwi daga rukuni mafi tsanani na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1961 kan kayan maye, ko da yake ta bar ta cikin abubuwan da ake tsananta sa wa ido. Duk wannan gaskiya ne. Amma tarihin yana da sauran bayani, domin tun kafin dokoki su hana, likitoci da kansu sun fara ja da baya daga tsimin, saboda kwalba biyu daga kanti ɗaya kan bambanta a ƙarfi, wata ba ta yin komai, wata kuma ta kwantar da majinyaci. Da asfirin ya shigo kasuwa a 1899, da sauran magunguna masu tabbataccen awo, sai aka koma gare su. Dronabinol kuwa ƙwaya ce mai miligiram 2.5 ko 5 ko 10, likita ya san abin da ya bayar, ya san lokacin da zai rage. Idan masu harhaɗa magunguna na wancan zamani, da sikelinsu da iliminsu, sun kasa daidaita ƙarfin tsimin, ina ga wanda ya haɗa shi a bayan ɗaki da ganyen da bai san asalinsa ba? Ganyen ma ya sauya: a Amurka, wiwin da jami'ai ke kamawa a 1995 tana ɗauke da THC kusan kashi 4 cikin 100, amma zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12.

Haɗiye wiwi ya bambanta da busa ta, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Mai busawa yakan ji ta cikin 'yan mintuna, don haka ya san inda ya kai. Wanda ya haɗiye kuwa yana iya jira daga minti 30 har zuwa awa biyu kafin ya ji wani abu, domin sai ta bi ta tumbi da hanji ta isa hanta, inda hantar ke mayar da THC zuwa wani sinadari mai suna 11-hydroxy-THC, wanda shi ma mai bugarwa ne ƙwarai, kuma tasirin yakan kai awa shida zuwa takwas ko fiye. A cikin wannan jira ne mutum ke cewa abin bai yi ba, sai ya ƙara, daga baya na farko da na biyu su taso masa tare: bugun zuciya, jiri, firgici, bushewar baki, amai.

Hanji da tumbi suna da wuraren da sinadaran wiwi ke kamawa, irin waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwa, kuma idan THC ya kama su yakan rage saurin fitar abinci daga tumbi. Daga nan ne kumburin ciki ke zuwa, da jin ƙoshi bayan loma kaɗan, da tashin zuciya. Abin da aka tsima ganyen a ciki shi ma yana da nasa laifi. Barasa mai ƙarfi tana ƙona baki da maƙogwaro, tana fusata bangon tumbi, wanda kuma yake da gyambon ciki ko ƙwannafi tun asali ya ƙara wa kansa wahala. Mai, idan ya yi yawa, yakan sa zawo. Ko CBD, sinadarin wiwi da ba ya bugarwa wanda ake yawan yabawa, gwajin da aka yi wa maganin farfaɗiya na Epidiolex, mai ɗauke da CBD, kafin amincewa da shi a 2018 ya nuna zawo da rashin son abinci cikin illolinsa, tare da alamun wahalar hanta ga wasu majinyata. Sannan tsimi ba ya zaɓen abin da zai tsotso daga ganye, yana iya kwaso maganin ƙwari da aka fesa a gona da dattin ajiya. Akwai kuma wani hatsari da ya shafe mu musamman: a garin da barasa ba ta zama hajar fili ba, mai neman abin tsimawa zai iya miƙa hannu ga sifirit na kemis ko na masu gyaran kaya, alhali irin waɗannan sukan ƙunshi methanol, guba mai makantarwa da kisa. A 2015 methanol a cikin ogogoro ya kashe mutane da dama a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas.

Ciwon da ya fi damu na shi ne wanda likitoci suka fara bayyanawa a 2004, bayan wasu likitoci a kudancin Ostireliya sun lura da majinyata masu shan wiwi kullum da ke ta komowa asibiti da amai mai tsanani. Yakan fara ne da tashin zuciya da safe na tsawon watanni, mutum yana cin abincinsa, yana harkarsa. Daga baya sai amai ya ɓarke ba ƙaƙƙautawa, da murɗawar ciki, na kwana ɗaya ko biyu ko fiye, ya lafa, bayan makonni ya dawo. Magungunan amai da aka saba da su sau da yawa ba sa tasiri. Alamar da ta fi bambanta shi da sauran cututtuka ita ce majinyacin yakan sami sauƙi idan ya yi wanka da ruwan zafi, har ya riƙa maimaita wankan sau da yawa a yini. A ƙasashen sanyi ana iya kasa lura da wannan. A Sakkwato, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa yana neman ruwan randa, saurayin da ke ta ɗora tukunya domin wanka yana amai ya kamata ya ja hankalin mutanen gida. Mafi muni shi ne majinyacin ya ji ana cewa wiwi na maganin tashin zuciya, saboda haka duk lokacin da cikin ya motsa sai ya ƙara ɗigo, yana ciyar da ciwon da yake neman kashewa. Amai irin wannan a zafin bazara, balle ga mai azumi, yana busar da jiki cikin sauri, yana rikita gishirin jini, yana iya taɓa ƙoda, kuma an samu waɗanda suka rasa rayukansu ta wannan hanya. Abin da aka tabbatar yana kawo ƙarshensa shi ne daina wiwi baki ɗaya, wadda ake busawa da wadda ake haɗiya.

Ciwon ba mai wuyar ganewa ba ne idan likita ya san gaskiya, amma gaskiyar ce ba ta isa gare shi. Majinyaci ya zo da mahaifiyarsa ko yayansa, ana tambayar sa a gabansu, sai ya ce bai sha komai ba. Sai a bi ta olsa, a bi ta taifot, a bi ta maleriya, a yi ƙarin ruwa, a ɗauki hoton ciki, a biya kuɗin gwaje-gwaje, a sallame shi, bayan wata guda a dawo. Gida kuma a fara zargin sammu ko iska. Ba na ganin laifin majinyacin shi kaɗai. Dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da irin waɗannan kayan maye ba bisa ƙa'ida ba, ga kuma tsoron zubewar mutuncin gida, wanda a wurinmu ya fi tsoron kurkuku. Mun kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma riƙe sirri ɗabi'a ce mai kyau, amma ɗakin likita ba wurin yin ta ba ne.

Saboda haka kirana na farko ga ma'aikatan lafiya ne, daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo har zuwa ƙananan asibitocin Illela da Tambuwal. Duk matashin da ya zo da amai mai komowa, a fitar da 'yan rakiya na ɗan lokaci, a tambaye shi shi kaɗai, cikin mutunci, kuma kada tambayar ta tsaya ga “kana shan taba?”, domin mai tsimi zai ce a'a da zuciya ɗaya. A tambaye shi ko akwai wani jiƙo ko ɗigo da yake sha, a tambaye shi batun wankan ruwan zafi, a kuma tabbatar masa cewa abin da ya faɗa sirri ne tsakaninsa da likita. Wannan tambayar ba ta cin ko sisi, amma tana iya rage wa iyali kuɗin gwaji mai yawa. Iyaye kuma su sani cewa duka da gori ba sa fitar da gaskiya, ɓoye ta suke ƙara yi. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kusa da gari, inda ake kula da masu neman rabuwa da kayan maye, kuma zuwa can ba shaidar hauka ba ce.

Ba na mantawa da cewa wasu masu kai hannu ga wannan kwalba ba nishaɗi suke nema ba. Akwai mai sankara, akwai mai sikila da ciwo ke hana shi barci, akwai wanda damuwa ta cinye. Waɗannan suna da haƙƙi a kan gwamnati ta samar da magungunan rage raɗaɗi na gaskiya a asibitocinta cikin farashin da talaka zai iya, domin muddin babu su, bidiyon intanet zai ci gaba da zama likitansu. Ta fuskar addini kuwa maganar a fili take: a hadisin da Muslim ya ruwaito, da Ɗariƙ bin Suwaid ya ce yana haɗa giya ne domin magani, Manzon Allah (SAW) ya amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Kuma garin nan ba baƙo ba ne ga ilimin magani da ake rubutawa a tantance, tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basur da amfanin filasko.

Ga wanda kwalbar ke ɗakinsa yanzu, ya sani cewa ƙaramin yaro ba ya bambanta ta da maganin tari, kuma kaɗan daga cikinta na iya jefa yaro cikin dogon suma da wahalar numfashi. Idan ya yanke shawarar dainawa, ya sa ran mako ɗaya zuwa biyu na rashin barci, da saurin fushi, da rashin son abinci, wani lokaci har da ciwon ciki, waɗanda sukan wuce da kansu, kuma ba hujja ba ce ta cewa jikinsa na bukatar tsimin. Idan kuwa amai ya hana ruwa zama a ciki, ko fitsari ya ragu sosai, ko an ga jini a cikin aman, ko gani ya fara dushewa bayan shan wani haɗi, to asibiti za a nufa nan take, a tafi da kwalbar a nuna wa likita.