Wa'azin ɗaurin aure da ke tsayawa a aya ta 24

Wani salon wa'azi ya zama ruwan dare a ɗaurin auren Kirista, ga shi yanzu ana yanko shi ana yaɗawa a Facebook da TikTok kamar wata sabuwar hikima. Mai wa'azi zai buɗe Afisawa sura 5, ya karanta aya ta 22 zuwa 24 inda aka ce mata su yi biyayya ga mazansu, ya rufe Littafi, ya juya ga amarya ya yi ta ja mata kunne. Ango kuwa barkwanci ɗaya ko biyu ne rabonsa, jama'a su yi dariya a wuce. A ƙarshe sai a ce ai aure hoton ƙaunar Almasihu da ikkilisiya ne. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Duk mai Littafi Mai Tsarki a hannu zai iya ƙirgawa da kansa. Ayoyi uku Manzo Bulus ya keɓe wa mace. Daga aya ta 25 har zuwa 33, ayoyi tara, da miji yake magana, in ban da rabin jimlar ƙarshe. Kafin duk wannan kuma akwai aya ta 21, wadda ta umarci masu bi su yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Ba kasafai ake jin ta a bakin masu wannan wa'azi ba.

Me aka ɗora wa mijin? Ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta. Aya ta 29 ta sauko da maganar ƙasa: ya ciyar da ita, ya kula da ita kamar jikinsa. A nan ne kuskuren yake shigowa. Da an ce wa namiji shi ne a matsayin Almasihu cikin hoton, sai hankalinsa ya tafi kan kursiyi. Bulus kuwa gicciye ya nuna masa. Shugaban da nassin ke magana a kansa shi ne wanda ya ɗaura tawul a ƙugu ya wanke ƙafafun almajiransa a Yohanna 13, har da ƙafafun wanda zai bashe shi a daren.

Hoton ma ya girmi Bulus. Tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu aka umarci annabi Yusha'u ya auri Gomer, ta ci amanarsa, ya bi ta ya fanso ta da shekel 15 na azurfa da sha'ir. Ishaya 54:5 ta kira Mahalicci mijin Isra'ila, Ru'ya ta Yohanna 19 ta kai labarin ga bikin auren Ɗan Rago. A duk waɗannan wurare, mai iko ne yake biyan farashi, shi ne yake haƙuri, shi ne yake bin sawu. Abin takaici, yau an juya hoton. Mace za ta zo ofishin fasto da ido a kumbure, a buɗe mata Yusha'u, a ce ta koma ta ƙara haƙuri da addu'a, kada ta ɓata shaidar gidan Kirista. Wato an ba mai rauni aikin Almasihu, an bar wa mai ƙarfi rawanin. Wannan wasa ne da nassi, kuma rayuka ake sakawa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kusan kashi 27 cikin ɗari na matan da ke tsakanin shekara 15 zuwa 49, waɗanda suka taɓa zama da namiji, sun fuskanci duka ko cin zarafin jima'i daga abokin zaman nasu. Babu wanda zai ce mini duk waɗannan matan a wajen coci suke.

Akwai masu cewa a daina karanta ayoyin biyayyar gaba ɗaya don zamani ya wuce su. Su ma almakashi ɗaya suke riƙe da shi, gefen da suke yankewa ne ya bambanta.

Kada wani ya ɗauka wannan karatun sabon ƙirƙire ne na masu fafutukar 'yancin mata. Yohanna Kirisostom, babban bishop kuma sanannen mai wa'azi na ikkilisiyar dā, wanda ya rasu a shekara ta 407, ya yi wa'azi kan wannan sura, ya ce wa maza bai kamata a ɗaure abokiyar rayuwa da tsoro da barazana ba, da ƙauna ake riƙe ta. Fafaroma John Paul na biyu ya rubuta a 1988 cewa biyayyar cikin aure ta juna ce. A 2016 Fafaroma Francis ya ce akwai lokacin da raba zama ke zama wajibi domin kare mai rauni da yara daga tashin hankali. Ya kuma gargaɗi masu koyarwa kada su ɗora wa mutum biyu masu kasawa nauyin kwaikwayon haɗin Almasihu da ikkilisiya ba tare da aibi ba.

Wannan gargaɗin shi ne iyakar hoton, kuma masu wa'azinmu ba sa son zuwa nan. Almasihu ba shi da zunubi, miji yana da shi. Almasihu Mai Ceto ne, miji bai taɓa ceton kowa ba. Shi kansa mijin ɗan ikkilisiya ne, wato yana cikin amaryar da aka wanke, yana neman gafara kamar matarsa. Duk koyarwar da ta manta da wannan, ƙaramin gunki take sassaƙawa a cikin gida, sannan ta ce wa mace ta durƙusa masa.

Gyaran ba ya bukatar babban taro. A karanta sashen daga aya ta 21 zuwa 33 ba tsallake. A koyarwar kafin aure a zauna da kowannensu shi kaɗai, a tambayi mace kai tsaye ko ya taɓa ɗaga mata hannu ko yi mata barazana. Idan ƙarar duka ta zo gaban dattawa, a fara da tsaron lafiyarta da kai maganar ga hukuma, sulhu ya biyo baya in zai yiwu, horon ikkilisiya kuma ya sauka kan wanda ya yi dukan. Mijin da ke ganin an matsa masa, a buɗe masa 1 Bitrus 3:7 ya karanta da bakinsa: wanda bai girmama matarsa ba, addu'arsa ma za ta gamu da cikas.