Tsire da lemo mai zaƙi: yadda Japanawa ke haɗa gashi da abin sha

A gida, wanda ya sayi tsire ko balangu yakan haɗa da Maltina ko kwalbar lemo mai sanyi. A ganina wannan haɗi cutar naman yake yi. Sukari da maiƙo su taru su kwanta a harshe, kafin tsinke na uku ɗanɗanon ƙuli-ƙuli da citta ya dushe, ciki kuma ya cika nama bai ƙare ba.

Nan Japan ba haka ake yi ba. Tun 1987 da kamfanin Asahi ya fito da giyar Super Dry, mai barasa kashi 5 cikin ɗari, mutanen ƙasar suka saba da abin sha marar zaƙi a gefen gashi. Ana barin yis ya cinye kusan duk sukarin, shinkafa da masarar da ke ciki kuma su rage mata nauyi. Abin da ya saura ɗan ɗaci ne da gas, aikinsu wanke baki don loma ta gaba ta zo da ɗanɗanonta.

Musulmi ba ruwansa da wannan giyar. Amma akwai marasa barasa masu irin wannan aiki: Kirin Free ta fito a 2009, Suntory All-Free a 2010, Asahi Dry Zero a 2012. A duba gwangwani da kyau, a tabbatar an rubuta 0.00%. Dokar Japan ba ta ɗaukar abin da barasarsa bai kai kashi 1 ba a matsayin giya, shi ya sa masu 0.5% irin su Beery ke zaune kusa da su a kanti. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da abin da ya yi kama da giya ba, mugicha mai sanyi, shayin gasasshen sha'ir, zai yi masa rabin aikin.

Abincin da ya fi dacewa shi ne mai gishiri da maiƙo: tempura, wato kifi ko kayan lambu da aka tsoma a kwaɓin fulawa aka soya, gasasshen kifin da suke kira saba, irin titus ɗinmu, ɗanyen waken suya da aka dafa a kwansonsa, sai yakitori, tsiren kazarsu. A wajen mai yakitori za a tambaye ka gishiri kake so ko romon da suke kira "tare". Ka ce gishiri. Tare romo ne mai zaƙi, yana danne ɗacin abin shan, kuma yawanci da giyar shinkafa iri biyu, mirin da "sake", ake haɗa shi, duka biyun da barasa. Batun yankan kazar kuma sai ka tambaya.

Sanyin abin shan ya tsaya tsakanin digiri 4 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. In ya ɗumama ɗanɗanon kayan haɗi ke fitowa, in an zuba ƙanƙara kuma ya salamce. Kofi ya zama wankakke tas, don ɗigon mai ɗaya a bakinsa na kashe kumfa nan take. A goge leɓe kafin a kurɓa. Japanawa na son ruwa kashi bakwai, kumfa uku, kumfar ce ke tsare gas ɗin.

Inda abin ke ɓaci shi ne yaji. Gashin Japan ba shi da barkono sosai, namu kuwa mai tsire sai ya barbaɗa har naman ya yi ja. Zafin barkono ba ya narkewa a ruwa, gas da ɗaci kuma ƙara hura shi suke yi, baki ya ɗauki wuta. Nan kindirmo ko fura da nono sun fi duk wani gwangwanin Japan, domin maiƙon nono ne ke kwashe zafin. Mai son gwada Dry Zero da tsire ya ce a zuba masa yajin a gefen takarda, ya yawaita albasa da tumatir, ya zaɓi yankan da ke da ɗan kitse. Kilishi kam a bar shi da shayi, ya bushe da yawa, babu maiƙon da za a wanke.