Dokar tana nan, sai dai ba don mu ba

Ku daina turo min bidiyon matar nan, na gani. Har da wurin da take cewa a tattara 'yan Arewa a kasuwar Mile 12 ta Legas a loda su a tirela kamar buhunan albasa. Dubban mutane sun danna mata, ana ta shewa a ƙasa. Yau kuma na wayi gari wasunmu na rokon Majalisa ta yi sabuwar doka.

Sabuwar doka ta me? Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan. Sashe na 26 ya hana zagi ko barazana ga mutane saboda ƙabila ko addini, har da ɗauri. Wa kuka taɓa ji an gurfanar da shi saboda ya zagi mai facin taya a Agege? Amma ka kuskura ka taɓa babban mutum a Facebook, sashe na 24, mai hukunta cin zarafi ta intanet, zai farka kafin ka gama sallar Asuba, a zo har ɗaki a ɗauke ka.

Doka tana nan, jama'a. Mai aiwatarwa ne ke zaɓen wanda zai ji wa ciwo.

Masu ce min "'yancin faɗin albarkacin baki ne", sannunku da turanci. Wanda ya ga rikicin ƙabilanci na Idi-Araba a 2002, ya ga na Mile 12 a 2016, ya san daga baki wuta ke tashi kafin ta kai rumfa. Masu cewa a dawo da ƙudirin hana kalaman ƙiyayya na Sanata Sabi Abdullahi na 2019 mai hukuncin rataya kuma, wallahi da ya wuce, ɗan jarida za a fara rataya.

Kuma mu daina munafunci. Lokacin da aka riƙa cewa Ibo su bar Legas a 2024, nawa ne cikinmu suka ce uffan? Wasu ma dariya suka yi. To ga shi ya zagayo. Dattijon da ya shekara talatin yana sayar da goro a Agege, ya aurar da 'ya'yansa a nan, jikarsa ce ke karanta masa zagin a waya. Wannan ne ya hana ni barci.