Idan a Kwamfutarka Kaɗai Take Aiki, Ba Ka Gama Ba

'Yan uwa masu rubuta manhaja a jami'o'i da cibiyoyin bincike, musamman matasanmu da suka haɗa koyarwa da neman digiri na biyu ko na uku: don Allah a daina cewa "ai a kwamfutata tana aiki." Mai duba aikinka ba da kwamfutarka zai duba ba. Kai kanka ma, bayan wata shida, baƙo ne a wurin abin da ka rubuta.

Ɗanyen bayanan da aka tattaro daga fili ko ɗakin gwaji, kulle su, kada ka gyara ko tilo da hannu. Duk gyara ya bi ta manhaja, sakamako ya fita a wani fayil daban. Kuma a yi hattara da Excel. Ya daɗe yana mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin su SEPT2 da MARCH1 kwanan wata, har a 2020 kwamitin da ke raɗa musu suna ya haƙura ya sauya sunayen. A shekarar dai, kusan mutum 16,000 masu korona suka faɗo daga lissafin Ingila, domin XLS, tsohon tsarin fayil na Excel, ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Ba ƙararrawar da ta kaɗa, shiru layukan suka zube.

Mai aiki da rubutun Hausa kuwa, nasa tarkon daban ne. Ka buɗe fayil da Python a Windows ba ka sa encoding="utf-8" ba, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma tarkace, ko manhajar ta tsaya cik lokacin ajiyewa. Sannan Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. In ba ka daidaita su tun farko ba, kalma ɗaya za ta shiga ƙidaya a matsayin biyu, kai kuma ka kai taro kana alfahari da yawan kalmomi.

Abin da ka gada daga magabata a sashe, kada kunya ta hana ka bincika shi. A Python 2, uku raba biyu ɗaya ne. A Python 3, ɗaya da rabi. An yi ritayar na 2 tun Janairun 2020, amma tsofaffin rubuce-rubucensa na nan suna yawo a filasha. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hawaii suka gano wata manhajar kimiyyar sinadarai na ba da amsa daban-daban gwargwadon kwamfutar da aka hau, saboda glob, umarnin Python mai tattaro sunayen fayiloli, ba ya jera su iri ɗaya a ko'ina. Maganin bai wuce sorted ba, umarnin da ke jera su bi da bi. Don haka kowane aiki a ware masa venv nasa, wato keɓaɓɓen muhallin Python, a yi pip freeze a adana jerin manhajojin da aikin ya dogara da su a fayil ɗin requirements.txt, in akwai zaɓen kan mai uwa da wabi a rubuta lambar seed ɗin da aka yi amfani da ita, wato lambar da ke sa zaɓen ya maimaitu iri ɗaya.

Jupyter ma, littafin da ake rubuta manhaja a ciki ana gudanarwa sashe-sashe, yana ruɗi: ka goge wani sashe, amma abin da ya lissafa yana nan a ƙwaƙwalwa. Kafin ka miƙa wa kowa, kashe shi ka kunna, ka gudanar daga sama har ƙasa.

Batun raɗa wa fayiloli suna "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaskiya" kuma, Git, manhajar da ke adana tarihin duk sauyin da ka yi, ya raba wannan gardama. Da wutar NEPA irin tamu, commit, wato adana sauyi a Git, sau da yawa a yini ba almubazzaranci ba ne. Sai dai GitHub, shafin ajiye ayyukan Git a intanet, ba ya karɓar fayil da ya haura MB 100, manyan bayanai a nema musu wurare biyu daban, ɗaya ba a ofis ba.

Ranar shiga aji, kada ka jingina da intanet ɗin makaranta, ɗalibi arba'in na saukar da pandas, kayan sarrafa bayanai na Python, lokaci guda. Tun daren jiya yi pip download ka zuba a filasha, su girka da --no-index da --find-links. Ka gwada darasin a kwamfutar da ba taka ba, wadda ta fi kowace rauni a ɗakin, ka ga minti nawa take ci.