Tagar kusurwa huɗu a rami mai siffar baka

Abin da ke ba ni haushi da masu sa tagogi ke nan: su tarar da tsohon gidan bulo, saman kowace taga a lanƙwashe kamar baka, sai su auna faɗi da tsayi kawai su wuce. Gobe su kawo taga mai kusurwa huɗu su cusa, giɓin da ya rage a sama su toshe da falanki su shafe da siminti. Haske ya ragu, fuskar gida ta lalace.

Wai wadda aka yanka daidai da bakan ta fi tsada. To ta fi, amma ai mai gida ne zai zaɓa! Ga shi tsohon baka ba kasafai hagunsa ke daidai da damansa ba, dole a ɗora kwali a zana siffar kowace taga.

Masu cewa a fasa bakan su suka fi ban takaici. Bulon nan ba ado ba ne, shi ke karkatar da nauyin bango zuwa gefe biyu. A cire shi ba a sa lintal ba, wato ƙarfe ko kankaren da ake gittawa a saman taga don ɗaukar nauyi, bango ya tsage.