Tsohon baka bai mutu ba

Sau da yawa a Bauchi za ka ji an ce bakan da aka gada wurin kakanni ya gama aiki, sai dai a rataye shi a zaure don ado. Masu faɗin haka suna da hujja: sun ga tsohon baka ya karye da jan farko. Amma ba shekaru ke kashe baka ba, ajiya ce. Itacen da aka ajiye da kyau, in gara ba ta ci shi ba, yakan daɗe da ƙarfinsa.

Abin da ke lalacewa da wuri tsirkiya ce, wato igiyar baka ta fata, domin fata tana bushewa ta tsinke. Bakan da aka bari a ɗaure shekara da shekaru kuwa yakan sankare a lanƙwashe, ya rasa ƙarfin tura kibiya.

A ce ka sauko da na kakanka. Duba tsaga tun daga mariƙi har baki biyu. Shafa masa man kaɗanya, ka bar shi a inuwa kwana 3. Sa sabuwar tsirkiya, ka riƙa ja kaɗan-kaɗan kana saurare. In ya yi ƙara, dakata. Kada ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, nan ne yawanci ake tsaga shi. Kibiyar kyauro kuma ta zama miƙaƙƙiya, don karkatacciya ko a sabon baka ba ta zuwa inda aka nufa.