Kafin ka ɗaure kayan komawa gida

Assalamu alaikum. Yau da ƴan bida nake, ƴan'uwana mutanen Damagaram da ke waje kuma zama ya zo musu ƙarshe, sun fara sayen tsaraba. Na Sabha da Tarabulus, na Tamanrasat, na Abijan da Legas, har ɗalibanmu da ke kammala karatu a Madina ko Maroko, ku ma ku matso.

Jiya bayan la'asar muna fada ana dafa shayi, wani ƙanenmu da bai daɗe da dawowa daga Libiya ba yana ba mu labari. Ya ce zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi har bai san inda kansa yake ba, wani ɗan Cadi da suke ɗaki ɗaya ne ya bar aikinsa ya yi jinyarsa, ya saya masa magani da kuɗinsa. Kowa ya ce Allah ya saka masa. Ba a zuba shayi na biyu ba sai salularsa ta yi ƙara, lamba mai farawa da +218. Ya duba, ya kife ta a kan tabarma. Ta sake bugawa, ya ƙyale. Wani ya ce, ɗauka mana. Ya ce, "Rabu da shi, ɗan Cadin nan ne, ya cika kira." Wallahi jikina ya yi sanyi.

Wannan hali ya yi mana yawa. Mutum ya sauka garin da bai san kowa ba, ba ya jin yarensu, ba takarda, aljihu wayam. Wani bawan Allah ya matsa masa a katifa, ya nuna masa bakin titin da ake tsayawa jiran masu ɗaukar lebura, ya koya masa kalmomin da zai roƙi haƙƙinsa da su, ya gaya masa unguwar da ba a bi bayan magariba. Suka ci a kwano ɗaya, suka yi azumi tare, ranar Salla suka zauna kowa na kewar gida, wannan na lallashin wancan. To da Allah ya buɗa, kuɗin mota ya haɗu, sai me? Sai a wayi gari shimfiɗarsa ba kowa. Ya sulale da asuba, ko sallama babu. Abokan sai daga baya su ga hotonsa a Facebook a tsaye ƙofar fadar Sarkin Damagaram cikin sabuwar shadda.

Na san abin da za ku ce, domin ba yau na fara jin sa ba. Wani zai ce in aka san ranar tashinka saƙo zai yi maka yawa, wannan bargo, wancan salula, wancan kuɗi a kai wa tsohuwa a Mirya ko Magarya. Wani zai ce tsoron baki yake. Wani kuma zai ce hanya ba ta da kyau, in labari ya fita cewa kana ɗauke da guminka na shekaru, ana iya tare ka tun ba ka bar gari ba. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, ban raina shi ba. Duk wanda ya san abin da ke tsakanin Gatrun da Dirku, ko tsakanin In Gezzam da Asamaka, ba zai ce a yi shelar tafiya ba. Ɓoye ranarka, ba laifi. Amma bashin da ke kanka fa, shi ma sirrin tafiya ne?

Ku tuna daren hijira. Babu tafiyar da aka ɓoye kamarta, mutanen Makka sun kewaye gida da nufin kisa. Duk da haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyidina Ali a baya don ya mayar wa mutane ajiyarsu. Kuma masu ajiyar nan mutanen garin da suka ƙaryata shi ne. Kai wa ke neman ranka da za ka gudu da dinari hamsin na mai shagon unguwa? Wai don shi Balarabe ne, ko don abokin naka ɗan Gana ne ba ya salla, sai ka ga kamar haƙƙinsa ba ya kama ka?

Ga wanda ya shiga adashi da ƴan ɗakinsu, ya roƙa a ba shi ɗaukar farko saboda wai matarsa ta kusa haihuwa, ya karɓa, ya yi zubi biyu, ya kama hanyar Agadas. Ga wanda ya bar wa abokai kuɗin haya da na wuta na watan da ya kwana a ciki. Ga wanda aka ba saƙo ya karɓa da hannu biyu, ya ce in sha Allahu, da ya iso sai ya zuba kuɗin a ginin ɗakinsa, yana cewa zai mayar in ya samu. Tsohuwar da aka aiko wa tana nan bayan Kasuwar Dole tana jira, ɗanta ya ce mata ya aiko, kai kuma kana wucewa ta ƙofar gidanta a kan sabon babur. Haba ɗan'uwa. In ba za ka iya ɗauka ba, ka ce ba za ka iya ba. Ƙin karɓa ba zunubi ba ne, kuma yanzu ga wuraren aika kuɗi ko'ina.

Ba ma sai kuɗi ba. Zaman ɗaki ɗaya na mutum shida ko takwas ba ya rasa saɓani. An yi faɗa a kan girki, an yi a kan wanda ya sha ruwan wani, ka faɗa wa mutum maganar da har yau in ya tuna ransa na ɓaci. A gida in kun ɓata, gobe za ku haɗu a masallaci ko wurin suna, manya su shiga tsakani. Wannan kuwa in ka hau mota shi ke nan, shi zai koma Abeshe ko Gawo ko Kumasi, kai kana Birni. Mai yiwuwa ba za ku sake haɗa ido ba sai a filin da babu dinari babu sefa, sai lada da zunubi. Duk mun san hadisin. Me zai hana ka kama hannunsa yau ka ce, ɗan'uwa ka yafe mini?

Kuma wa ya ba ka tabbacin isowa? Mutanen jihar nan ba sa bukatar a ba su labarin Sahara. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance. Allah ya jiƙansu. Ba wanda ya fita cikinsu da niyyar kwana a can. Mai shirin ratsa wannan rairayi shi ya fi kowa bukatar ya tashi ba haƙƙin kowa a wuyansa, kuma ya fi kowa bukatar addu'ar waɗanda ya bari. Wanda ya sulale ya hana kansa a ce masa an ba Allah ajiyar addininsa da amanarsa da ƙarshen ayyukansa, addu'ar da Annabi ke yi wa matafiyi. Wace tsaraba ce ta kai wannan?

Abin da ke ba ni mamaki, mu jikokin fatake ne. Unguwar Zango ma masaukin ayari ce tun asali, kuma a zamanin Sarki Tanimun kaya na tashi daga nan har Tarabulus, su dawo da wasu. Wata da watanni ana tafiya, ba salula, ba banki, amana ce ke riƙe da cinikin. Mu da kira ɗaya ya ishe mu, mu ne muke kife waya.

Don Allah, kwanakin nan da suka rage maka, rage yawon kasuwa. Bargo da agogo ba za su ƙare ba. Zauna bayan isha ka bi mutanen da ka sani a garin nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanda ya fara ba ka ruwa ranar da ka sauka. Wanda kake bi, in kana da hali ka yafe masa ka gaya masa. Wanda ke bin ka, biya shi, in babu ka same shi ido da ido ku sa lokaci, a rubuta, a sa shaidu. Katifa da tukunya da risho ka bar wa sabon zuwa, kai ma haka aka yi maka.

Ku kuma da kuka riga kuka dawo kuna karanta wannan a Garin Malam ko Karkada, lambar tana nan cikin wayarku, na sani. Ba kullum roƙo ne ke sa su kira ba, wani so yake kawai ya ji ka isa lafiya, ya gaida mahaifiyarka da ka cika shi da labarinta. In ma roƙon ne, ya ci a roƙe ka. Ku kira yau. In da kuɗin mutum a hannunku, ku aika kafin Juma'a, don girman Allah.